Tagogin Alhaji Sun Cinye Mana Babin Ƙarshe

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Ƙaramin Akwatin Nan da ke Faɗowa a Fuskar Kwamfuta Idan Fayil Biyu Suka Yi Suna Ɗaya,
Sarkin Zaɓi Uku, Gagara Lallashi,
A kowace ƙasa kake, a kowane bene ofishinka yake.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikata da duk na'urorin da ke cin abinci a ƙarƙashinka, ina neman izinin gabatar da kaina. Sunana Hauwa, matar Mustapha mai haɗa tagogin aluminiyom a Makera, nan ƙetaren gada a Kaduna. Watanmu goma sha ɗaya da aure. Ban san sunanka ba, ban taɓa ganin fuskarka ba, amma na riga na zana ka a raina. Dogo ne kai, mai siririn tabarau, ka daina dariya tun wani abu da ya same ka shekara bakwai da suka wuce, kuma kana yawan tsayawa bakin taga hannu a aljihu kana kallon ruwan sama. Na karanta irinku da yawa. Yawanci zuwa babi na ashirin zuciyarku takan yi laushi. Wannan ne ya ba ni ƙarfin halin ɗaukar biro.

A gidan hayar da muke, ɗakin da ke jikin namu na Mama Debby ne, dattijuwa 'yar Kudancin Kaduna da ta yi shekara ashirin da biyu a masaƙa kafin a rufe ta. Idonta ya yi hazo, ba ta ganin rubutu. Ni kuwa a duniya ba abin da na iya kamar karatu. Sai muka raba aiki: ita ta kawo kunne da soyayyiyar gyaɗa, ni in kawo ido da murya. Kullum bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarma a gindin gwaibar tsakar gida, in ɗora laftof ɗin mijina a kan turmi, in karanta mata babi ɗaya.

Littafin da muke kai sunansa Makullin Ɗaki na Tara, babi arba'in da ɗaya, wata baiwar Allah ce ta riƙa turo shi a guruf ɗinmu na masu karatu. Labarin Lubabatu ne mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, da Kyaftin Mahfuz matuƙin jirgin sama da ya yi haɗari ya manta kowa, har da ita. A ƙarshen babi na arba'in jirgin ƙasa ya yi kuka zai tashi, Kyaftin ya ɗora ƙafa ɗaya a matakala, Lubabatu ta taho a guje da makulli a hannu, gyale ya faɗi, ta ƙwala masa kira. Ya juyo. Ya buɗe baki.

Nan aka tsaya, ranka ya daɗe. Ka riƙe wannan buɗaɗɗen bakin a ranka, za mu dawo kansa.

Ina da wani rauni da ba zan ɓoye maka ba: leƙen ƙarshen littafi. Mama ta gane ni tun a makon farko. Ta ce, "Amarya, muryarki rediyo ce. In kin san wanda zai mutu, tun daga sallamarsa nake jin makoki. Ki yi mini alkawari wannan karon tare za mu isa." Na yi alkawari. Don in taimaki kaina, sai na yanke babi na arba'in da ɗaya daga jikin littafin, na rufe rabin fuskar kwamfuta da faifai don kada idona ya yi sata, na ajiye shi shi kaɗai na sa masa suna Ƙarshe. Na goge na cikin wayata don kada Shaiɗan ya sami ƙofa. Kwana arba'in fayil ɗin nan yana kallona ina kallonsa, ban taɓa shi ba. Ko azumin nafila bai taɓa ba ni wuya haka ba.

Ana nan sai abu biyu suka faɗo a mako ɗaya. Na farko, Debby, 'yar Mama, ta bugo waya cewa ranar Asabar za ta zo ta ɗauke ta ta koma wurinta Kafanchan da zama gaba ɗaya. Muka lissafa babobinmu, muka ga ranar Laraba za mu kai ƙarshe. Na biyu, laftof ta kamu da cuta, tana buɗe abin da ba a aike ta ba. Tony mai gyara a unguwar Television ya ce mu kwashe duk abin da muke so a filashi, Talata zai wanke ta tas.

Ranar Litinin na zuba littattafaina a filashi, har da Ƙarshe. Mustapha yana bakin ƙofa, tef ɗin awo a wuya, ya ce, "Hauwa, haɗa da nawa don Allah, na makara." Na jawo nasa na zuba a kan nawa. Abin da ban sani ba shi ne, wani Alhaji da ke gini a Unguwar Boro ya canja masa awon tagogi sau uku. Fayil na farko sunansa Awo. Na biyu Awo Sabo. Na uku Awo Sabo na Gaskiya. Da Alhaji ya rantse ba zai sake canjawa ba, bawan Allah ya rubuta na huɗu ya sa masa suna Ƙarshe.

A nan akwatinka ya faɗo. Shinkafa tana kan wuta, ta fara ƙauri. Na danna zaɓin da ke sama, na ruga kicin.

Ranar Laraba Mama ta ɗaura sabon zane, ta soya gyaɗa har da ƙari. Na maimaita mata layin ƙarshe na babi na arba'in don a shiga da zafi: ya juyo, ya buɗe baki. Na buɗe fayil. Kuma ka san mai karatu, baki kan riga hankali. Da muryar Kyaftin, mai taushin nan da nake yi masa, na ji kaina ina cewa, "Tagar falo, ƙafa shida da ƙafa huɗu, gilashi mai duhu."

Na sake duba fuskar kwamfuta. Mama ta gyaɗa kai ta ce, "Kai, yaron kirki. Gida zai gina mata. Ci gaba, amarya."

"Tagar kicin, ƙafa huɗu da ƙafa uku, a sa raga."

"Saboda ƙuda. Ya san darajar mace."

"Tagar bayi, ƙafa biyu da ƙafa biyu."

"Har bayi ya tuna! Namiji ke nan. Sai ita kuma ta ce me?"

Ranka ya daɗe, sai ita ta ce me? Na duba ƙasa, tagogi takwas ne suka rage da lambar wayar mai gilashi. Na ce caji ya ƙare, alhali wayar caji tana jone, fitila tana ci. Na ce sai Juma'a. Mama ta tattara ɓawon gyaɗarta ta ce, "To, Juma'a. Asabar dai mota ba ta jira."

Saboda haka, cikin ladabi da sunkuyar da kai, ga koke-kokena.

Na ɗaya. Akwatinka ba ya sallama. Ko mai karɓar shara in ya zo yakan ce a gafarta. Shi kuwa faɗowa kawai yake yi tsakiyar aiki, da Turanci, ba ina kwana ba ina gajiya, ya tsare mutum da tambayar rai da mutuwa. Shin a ofishinku ba a taɓa ɗora shinkafa ba?

Na biyu, kuma wannan ya fi ci mini rai. Zaɓi uku ka jera. Wanda ke kashewa shi ka sa a sama, ka kuma yi masa ado da alamar maki, irin wadda malamanmu ke sa wa amsar da ta yi daidai. Shekara goma sha biyu ina makaranta ana koya mini in bi wannan alamar. Na biyu ya ce a tsallake, wanda ya yi mini kama da rashin kunya, tunda mijina ne ya aike ni. Na ukun kuwa dogon zance ne a kan gwada bayanai. Sai ranar Alhamis da na koma Television ido jajir Tony ya nuna mini cewa a bayan wannan na ukun ne ka ɓoye hanyar zaman lafiya. Ashe in mutum ya shiga ya yi wa kowane fayil alama, sai a ajiye duka biyun, a liƙa wa ɗaya lamba biyu a wutsiya, kowa ya kama gabansa. Allah ya ja zamaninka, wane irin mai gida ne ke ajiye wuƙa a bakin ƙofa ya kulle ruwan sha a uwar ɗaka?

Na uku. Na san ma'anar kalmar da na danna, ba jahila ba ce ni. Maye gurbi take nufi. Amma ba ka ce har abada ba. Ni a duk karatuna ban taɓa ganin wanda ya tafi bai dawo ba. Wanda jirgi ya faɗi da shi yakan dawo a babi na talatin da gemu. Wadda kogi ya tafi da ita masunta kan tsince ta, ta dawo likita. Ko wanda aka yi wa sadakar bakwai yakan shigo ana tsakiyar rabon gado. Na ɗauka fayil ɗina zai ɗan matsa gefe ne ya yi haƙuri, kamar yadda ake yi a Keke Napep. Na tambayi Tony ko yana kwandon shara. Ya ce, "Madam, wanda aka goge shi ke zuwa kwando. Wannan hawa kansa aka yi. Ga laftof kuma na wanke. Ko ni na haifi kwamfuta ba zan dawo da shi ba." To ina tambaya da girmamawa: kwandon da ya adana hoton babban yatsana na wata shida, me ya sa ya fi ƙarfin babi na arba'in da ɗaya?

Na huɗu. Da suna kaɗai kake yanke hukunci. Ba ka duba ciki ba. Ɗaya yana ɗauke da hawayen mace a tashar jirgi, ɗaya yana ɗauke da ragar sauro, ka ce ai abu ɗaya ne. A layinmu Hauwa biyar ne, ranka ya daɗe. Da kai ne mai unguwa, da saura ɗaya.

Na biyar. Ranar da nake kwafar bidiyon bikinmu, koren layinka ya ce saura minti uku, ya yi awa guda yana faɗin haka, har na yi wanki na shanya. Amma hallaka Lubabatu ko ƙiftawar ido bai kai ba. Me ya sa alherinku ke tafiyar hawainiya, ɓarnarku kuma take hawa acaɓa?

Na shida. Kada ka ce in nemi wani kwafin, na nema. Marubuciyar ta yi faɗa da masu karatu a kan gemun Kyaftin, ta rufe guruf ta kashe layinta. Na kira mutum uku da muka yi karatun tare, duk sun goge saboda waya ta cika. Ta farko, Phoebe, ta ce ta tuna an yi kuka, amma ba ta tuna ko na daɗi ba ne. Ta biyu ta rantse jirgin ya take shi. Ta uku ta ce an haifi 'yan uku, daga baya ta bugo ta ce a'a, wancan wani littafin ne.

Na bakwai ba laifinka ba ne kai tsaye, amma ba ni da wanda zan kai wa. Da na gaya wa Mustapha abin da ya faru, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Alhamdu lillahi, tagogi sun tsira." Ranar ya sha miya ba gishiri. Ba da gangan na yi ba, amma ban yi nadama ba. Kuma da azahar ɗin Alhamis ɗin nan Alhajin Unguwar Boro ya bugo waya ya ce ya yi shawara da iyali, a canja awon gaba ɗaya. Wato fayil ɗin da ka kashe mini littafi dominsa kwana uku ya yi a duniya.

Yanzu bari in gaya maka yadda aka ƙare, don ka san nauyin da ka ɗora wa baiwar Allah.

Na dawo daga Television na zauna bakin gado ina kuka. Mustapha ya daɗe a tsaye yana susar ƙeya. Can ya zaro fensirin bayan kunnensa, ya yago takardu daga littafin awonsa, ya ajiye mini a cinya ya ce, "Ke da kika karanta ɗari, ɗaya zai gagare ki? Ni zan sayo awara, kada ki dafa komai. Ba matsala."

Ban taɓa rubuta abin da ya wuce saƙon barka da Juma'a ba. Ga kuma ƙarin wahala: Mama ta riga ta ji tagogi uku daga bakin Kyaftin, ba dama in janye su. Dole labarin ya bi ta taga. Na yi yammacin Alhamis da safiyar Juma'a ina rubutawa ina gogewa. A ƙarshe na rubuta cewa awon tagogin nan shi ne abu na farko da ya dawo wa Kyaftin a ƙwaƙwalwa. Ashe kafin haɗarin yana gina wa Lubabatu gida a ɓoye, mai taga goma sha ɗaya, duk suna kallon layin dogo, don ta riƙa ganin jirage ba tare da ta sayar wa kowa tikiti ba. Makullin da ke hannunta na ɗaki na tara ne a gidan. Yana lissafa tagogin yana tunowa, a ta bakwai ya tuna unguwar, a ta goma ya tuna ranar da suka haɗu, a ta goma sha ɗaya ya kira sunanta. Ya sauke ƙafarsa daga matakala. Jirgi ya tafi da jakarsa. Ta ce, jakarka! Ya ce, ba matsala.

Na buga shi a laftof don Mama ta ji ƙarar dannawa kamar kullum. Juma'a bayan la'asar na karanta mata. Ba ta ci gyaɗa ko ɗaya ba. Da na kai wurin sunan, ta sa bakin zane ta share ido. Na rufe laftof na ce shi ke nan, Mama, ya ƙare.

Sai ta ce, "Amarya, yaushe Kyaftin ya fara saƙala fensir a bayan kunne?"

Na ce wataƙila tun da can yana yi, ba a faɗa ba ne.

Ta ce, "Babi arba'in yana magana kamar mai karanta labarai, yau ya ce ba matsala sau huɗu. Kuma tagar bayin nan, ƙafa biyu da ƙafa biyu, wata guda ina jin ta ta bango, mijinki yana faɗa da Alhaji a waya. Idona ne ya tafi, 'yata, kunnena yana nan."

Na ce, to Mama, me ya sa tun Laraba ba ki faɗa ba?

Ta ce, "In faɗa ki ba ni haƙuri, in hau mota da bakin mutum a buɗe? Na ce bari in ga ko yarinyar nan za ta rufe masa shi." Ta laluba ta kamo hannuna. "Kin rufe. In na ainihin ya dawo wata rana, ki kira ni ki karanta mini. Amma kada ki jefar da naki. Ki ajiye duka biyun."

Ka ji, ranka ya daɗe? Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, wadda ko fuskata ba ta gani sosai, ita ta sa a gaba abin da kai da digirorinka ka ɓoye a bayan ƙofa ta uku.

Jiya Asabar Debby ta zo. Aka ɗaure katifa a saman mota, Mama ta zauna gaba da takardun awon nan da na rubuta a kai, a ninke cikin jakarta. Ta ce ko ba ta gani, jikokinta suna gani. Yau bayan la'asar na fito da tabarma har gindin gwaiba kafin in tuna.

Don haka ga roƙona, kuma ba shi da yawa. Ka ɗauko ajiye duka biyun ka sa shi a sama, da manyan baƙaƙe, ka ba shi alamar makin nan. Ka mai da mai kashewar can ƙasa, ka rubuta masa a gefe cewa wanda ya tafi ta nan ba ya dawowa da gemu. In da hali, akwatin ya riƙa tambaya ko akwai tukunya a wuta kafin ya fara magana. Ni ma na gyara nawa halin: yanzu Mustapha yana da foldarsa, ina da tawa, ko gaisawa ba sa yi.

Babin da na rubuta kuwa yana nan a filashi. Na sa masa suna Ƙarshen da Hauwa Ta Rubuta wa Mama Debby Ranar Juma'a a Gindin Gwaiba da Fensirin Mijinta. Ina gayyatar akwatinka, cikin dukkan ladabi, ya zagaya duniya ya nemo mai irin sunan.

Allah ya ƙara wa ofishinka tagogi, ya sa kowace a auna ta sau ɗaya. Allah ya kai ka naka babi na ashirin lafiya.

Taka mai biyayya, wadda a yanzu take karanta zaɓi uku kafin ta duba shinkafa,

Hauwa Mustapha,
Gida mai gwaiba, ɗaki na biyu daga famfo,
Makera, Kaduna.